Hutun da Aka Ba Mama Jemimah

Idan ka shiga kamfanin haɗa fitilun sola da ke Kudenda a shekarun baya ka ce kana neman Jemimah Ayuba, sai an tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Mama kake nema, ko maigadi zai nuna maka teburinta. Ni sunana Irene, ina sashen zuba kaya a kwali, kuma gidan haya ɗaya muka zauna da ita a unguwar Television, ƙofarta na kallon tawa. Keke napep ɗaya muke shiga da safe, mu dawo tare da yamma. Saboda haka abin da zan ba ku ba jita-jita ba ce. A gabana aka yi.

'Yar wani ƙauye ce a wajajen Kachia, inda ake noman citta. Tana budurwa wani kawunta ya kawo ta Kaduna ya sama mata aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da jiniya ɗaya ke tashin rabin gari daga barci. Aikinta a can shi ne ƙulla zare idan ya tsinke injin na gudu. A can ta haɗu da Samuel na sashen rini, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Aka rufe masaƙa, Samuel ya zauna a gida yana jiran a buɗe har hawan jini ya tafi da shi. Ita kuwa ta gasa masara a bakin titi, ta yi shara a wata makaranta, ta yi wankau, har ta aurar da 'ya'yan, ɗaya a Jos, ɗaya a Abuja.

Da aka buɗe kamfanin fitila aka ce ana neman masu hannu, ta je ta bi layi da 'yan mata sa'o'in 'ya'yanta. Aka zuba musu 'yan ƙananan sukuru a faranti, waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa ba, aka ce kowa ta ɗaura a gani. Tun ranar aka ba ta tebur kusa da taga.

Aikin nata a baki ba wani abu ba ne. Ta ɗauki ɗan allon lantarki kore, ta zaunar da shi a cikin gidan fitila, ta sa wayoyin batir a raminsu, ta rufe, ta ɗaure da sukuru. Sai dai robar fitilar ba ta da haƙuri. Ka matsa da yawa ta tsage, ka sassauta ruwan damina ya shiga. Ni da nake ƙarshen layi nakan gane fitilar da ta fito daga hannun Mama tun kafin in juya ta.

Akwai wata al'ada da ta taho da ita daga masaƙa. Duk sabon da aka ɗauka, kusa da ita ake zaunar da shi. Ba ta yawan bayani. Sai ta ɗora hannunta a kan naka ta yi ta tafiyar da shi yadda ya kamata, har hannun ya gane. Ranar da ta sake ka za ka kawo mata kwalbar lemo, ka ɗan rusuna, ta dafa kanka ta yi maka addu'a, daga nan ka zama ɗanta. Rabin layin nan 'ya'yanta ne, Kirista da Musulmi, har da wani Bello mai gemu da ya kusa sa'anta, shi ma Mama yake ce mata ba ko kunya.

A cikin 'ya'yan nan akwai wanda ya fi kowa. Gideon ɗan ƙawarta ne ta ƙuruciya, 'yan ƙauye ɗaya. Ya gama foli ya rasa abin yi, uwarsa ta kira Mama a waya tana kuka, Mama ta ce a turo shi. A falonta ya yi ta kwana kan tabarma har damina ta zagayo, ya ci gwaten accarta har wuyansa ya cika, kuma ita ta je ta tsaya a ƙofar ofishin manaja har aka ɗauke shi. Yana da kai, ban hana shi wannan ba. Kafin a ce kwabo ya zama foman ɗin layinmu, ya sayi babur, ya fara cusa riga cikin wando. Ranar aurensa da Debby, Mama ce ta zauna kusa da uwarsa da anko iri ɗaya. Ni dai tun lokacin ban cika son yadda yake murmushi kafin ya yi magana ba, amma an sha ce min bakina ya yi yawa, sai na kama bakin nawa.

Ana nan sai kafaɗarta ta dama ta fara ciwo. Da yamma ni nake shafa mata man zafi. Ta ce kada in kuskura in faɗa wa kowa, domin ta san halin kamfani: ranar da suka ji kana ciwo, ranar za su fara kallonka kamar tsohuwar taya. Mutum ɗaya ta gaya wa bayan ni, shi ne Gideon, wata Lahadi da ya zo gaisuwa. Ya riƙe hannunta ya ce, "Mama, maganar nan ta mutu a ɗakin nan." Har magani ya sayo mata.

Ku gane, teburin nan shi ne abin da ya rage mata. 'Ya'yanta sun daɗe suna cewa ta tattaro ta koma wurinsu, musamman ta Jos da ke da ɗakin da ba kowa. Ita kuwa ta ce muddin yatsunta na motsi ba za ta je ta zauna a gidan suruki tana jiran a zuba mata abinci ba. Ta ga abin da zama ya yi wa Samuel.

Bayan Ista aka kawo akwatin. Mun daɗe muna jin za a kawo robot, mu kuwa a tunaninmu wani ƙaton mutum-mutumi ne mai jan ido irin na fim. Da aka buɗe sai ga wani ɗan hannu fari, bai fi nawa tsawo ba, da gwiwa da wuya da yatsu biyu na ƙarfe, da ɗan idon kamara a samansu. Ba kai, ba ƙafa. Aka ɗaure shi da noti a kan tebur kusa da na Mama. Comfort, wadda ke sa marfi a bayan Mama, ta ce, "Wannan ne? Ai ko miya ba zai iya kaɗawa ba." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Tare da shi aka turo wani injiniya daga Legas mai suna Ernest, siriri mai ladabi, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Shi ya bayyana mana cewa hannun bai san komai ba tukuna. Akwai maɓalli a wuyansa, idan ka danna sai ya saki jiki, ka kama shi ka nuna masa yadda zai ɗauka, inda zai ajiye, da ƙarfin da zai matsa. Abin da ka nuna masa shi zai riƙe, ba ya mantawa. Saboda haka ana bukatar wanda ya fi kowa hannu a kamfanin, kuma kowa ya san ko wace ce.

Da rana muna cin abinci a gindin mangwaro, matan layi suka yi cirko-cirko suna tambayar Mama ko wannan abin ba korarsu ya zo yi ba. Ta hango Gideon zai wuce, ta yafuto shi.

"Gideon, zo nan. Ka gaya min tsakaninka da Allah, wannan abin me ya zo yi?"

Ya yi murmushin nan nasa, ya durƙusa kusa da bencin. "Haba Mama. Wannan hannun zai hutar da ke ne."

"Hutar da ni?"

"Zai hutar da ke, Mama. Wahalar da kika sha ta isa." Ya ɗan kalli kafaɗarta, ni da ita kaɗai muka gane kallon.

Duk mai jin Hausa ya san kalmar nan fuska biyu gare ta. Idan yarinya ta karɓi bokitin ruwa daga kanki, ta hutar da ke. Idan kuma aka sallami ma'aikaci ana so a rufa asiri, cewa ake an hutar da shi. Mu duka mun san wannan. Amma wa zai zauna yana juya maganar ɗansa yana duba bayanta? Ita Mama ma'anar farko ta ji. Ta juya ta ce wa matan su kwantar da hankalinsu, Gideon ba zai yi mata ƙarya ba.

Ban taɓa ganin ta koyar da wani da zuciya ɗaya kamar yadda ta koyar da ƙarfen nan ba. Yadda take wa mutane haka ta yi masa, ta ɗora hannunta a kan nasa ta tafiyar da shi. Tun ranar farko ta raɗa masa suna Auta, tunda shi ne ƙaramin 'ya'yanta. Daga inda nake ina jin ta. "A hankali, Auta, ba dambe muke yi ba." "Ka ɗan karkata, ka bar gefen nan ya fara shiga." Ernest na tsaye da kwamfutarsa ta hannu yana latsawa, ya rage gudu a nan, ya ƙara a can. Da farko Auta ya yi ɓarna. Ya tsaga roba, ya zubar da sukuru, sau ɗaya ma ya ɗauki iska ya je ya ajiye ta cikin fitila da girmamawa, muka yi ta dariya har Bello ya riƙe ciki. Mama ta hana mu. Ta ce wanne ne a cikinmu bai yi abin da ya fi haka ba a makonsa na farko?

Ɗaga hannun nan sama da ƙasa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon kafaɗa. Da yamma a keke nakan ga tana cije leɓe duk sanda muka faɗa rami. Na ce ta bar wa Ernest ya ƙarasa. Ta ce a'a, idan ba ta koya masa da kyau ba gobe ita za ta sha wahalar gyara aikinsa. A ranta ta riga ta tsara yadda abin zai kasance: Auta yana ɗauka yana ɗaurewa, ita tana zaune a gefensa tana dubawa, kamar yadda uwa ke zama kusa da 'yar da ta fara girki.

Wata rana Ernest ya zo sashenmu neman salatef, ya tsaya yana kallon Mama daga nesa. Ya girgiza kai ya ce min, "This una Mama get strong mind o. If na me, I no fit." Wai Mamar nan tamu tana da ƙarfin zuciya, da shi ne ba zai iya ba. Na ɗauka haƙurinta yake nufi, na ce masa ai haka take. Ashe shi bawan Allah ya ɗauka an gaya mata komai, da saninta take yi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shaidar da ta bayar. Wata Alhamis a taron zumuntar mata na ikilisiyarmu ta miƙe ta ce tana da godiya. Ta ce shekara da shekaru tana roƙon Ubangiji ya dubi gajiyarta, ga shi ya aiko mata da mataimaki wanda ba ya cin abinci ba ya tsegumi, kuma ta hannun ɗanta Gideon ya aiko shi. Aka buga tulu, aka kaɗa caki, mata suka tashi suna rawa suna zagaya ta. Debby tana wurin da tsohon cikinta, ta sunkuyar da kai ba ta tashi ba. Muka ce nauyin ciki ne.

Da Auta ya iya aiki sosai, aka ce ranar Juma'a bayan tashi za a yi ɗan biki a ƙaddamar da shi. Gideon da kansa ya ce wa Mama ta sa kaya masu kyau domin za a karrama ta. Ta ciro leshinta na Kirsimeti, ni na ɗaura mata gwaggwaro. Aka jera kujerun roba a zauren aiki, aka kawo lemo da cincin. Aka kunna Auta a gaban baƙi daga babban ofis, ya ɗauki allo, ya karkata, ya zaunar, ya ɗaure, fitila bayan fitila, ba ko kuskure. Mama ta fi kowa tafi, tana cewa, "Ku gan shi! Ku gan shi!"

Sai manaja ya karɓi makirufo. Ya yi ta Turanci a kan ci gaba, sannan ya juyo da Hausa don kowa ya ji. Ya ce kamfani ba ya manta alheri. Ya ce foman Gideon ya daɗe da sanar da su irin ciwon kafaɗar da Mama ke fama da shi a ɓoye, kuma bai dace a bar uwa kamar wannan tana wahala ba.

"Saboda haka daga yau," in ji shi, "mun hutar da Mama Jemimah. Ta je gida ta huta."

Aka miƙo mata babbar kular abinci da turmin atamfa, mai hoto ya ce ta matso kusa da Auta ta yi murmushi. Baƙin suka yi tafi. Mu 'yan layi ba wanda ya ɗaga hannu. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Murmushin bai gudu nan take ba, ya ɗan tsaya a wurin kamar bai san an gama da shi ba. Ta waiga tana neman Gideon. Yana can bayan baƙi ya duƙufa yana gyara wayar lasifika da ba abin da ya same ta. Ta karɓi kular, don ba ta saba barin babba tsaye da kaya a hannu ba, har da cewa na gode. Ni kuwa na miƙe zan yi magana, Comfort ta ja ni ta zaunar. Gara da ta yi, don abin da ke bakina ranar ba na 'yar zumunta ba ne.

Muka shiga keke muka kama hanyar gida. Direba ya ga leshi da kula ya ce, "Madam, biki aka yi ke nan?" Ta ce e, an yi.

Ranar Lahadi bayan sujada Mama ta tare Gideon a inda ake ajiye babura. Ina tsaye a gefe, ban kuma ɓoye cewa saurare nake ba.

"Gideon, ranar da na tambaye ka a gindin mangwaro, ka sani?"

Ya yi ta juya makullin babur a hannu. "Mama, ni ban yi miki ƙarya ba. Cewa na yi zai hutar da ke."

"Na ji abin da ka ce. Tambayarka nake, ka sani?"

"Tun kafin akwatin ya iso aka gama maganar. Ba ni na yanke ba."

"Kafaɗata fa? Ita ma ba kai ka kai musu ba?"

"Sun ce in samo wanda zai koya masa, in kuma samo dalilin da mutane ba za su tayar da hankali ba. Idan na kasa, za su kawo wani daga Legas ya zauna a kujerata. Mama, Debby ta kusa haihuwa. Abeg ki fahimce ni."

"Da ka zo ka ce min, Mama, korarki za su yi, amma ki taimake ni ki koya masa don kada ni ma a kore ni, kana tsammanin da na ƙi?"

Ya cusa makullin a aljihu, ya sake ciro shi.

"Da na koya masa," ta ce. "Da na koya masa na fita da ƙafata, da kayan aikina a jikina, ba da leshi da gwaggwaro ba. Ka bar ni na tsaya gaban mata na gode wa Allah a kanka."

Wannan ne ya kasa shiga kan Gideon, kuma ina jin har yau bai shiga ba. Shi a ganinsa dabara ya yi, ya zaɓi kalmar da ko a gaban fasto ba mai kama shi da ita. Ni dai da ƙarya tsagwaronta ya yi mata da ta fi min sauƙi, don mai ƙarya ko ba komai ya san ya yi laifi.

Kafin damina ta wuce aka kawo hannu na biyu, aka kwafe masa abin da ke kan Auta, aka sallami Comfort da wasu mata biyu, su ko kula ba a ba su ba. Comfort ta daina gaida Mama. Ta ce ba ita ta ce su kwantar da hankali ba? Mama ta ɗauke ƙafa daga zumunta, ta koma tsince wa wata mai abinci wake da shinkafa a ƙofar ɗakinta. 'Ya'yan suka yi ta kira, ta yi ta ce musu ba inda za ta je. Idan na dawo da yamma takan bari sai na cire takalmi, sannan ta tambaya ba tare da ta ɗago kai daga tire ba, "Auta ya tsaga roba yau?" Na so in ce e, Allah ya sani. Amma bai tsaga ba, kuma Mama ba wadda ake wa ƙarya ba ce, musamman yanzu.

Abu ɗaya ya riƙe ta a tsaye. Kamfani kan canza samfurin fitila lokaci-lokaci, kuma ta ce ranar da aka canza, Auta zai koma jariri, dole su zo su neme ta. Ba don ta koma take jiran ranar ba. So take su zo har ƙofarta su roƙa, ita kuma ta ce a'a. Ta ce idan ta faɗi wannan a'ar za ta san hannunta yana da daraja, za ta iya ɗaure kallabinta ta koma zumunta, ta nemi wani aikin da kai a ɗage. Har abin da za ta faɗa ta shirya. Nakan ji ta tana wanke-wanke tana maimaitawa, ta cire wata kalma ta sa wata.

Ana gab da Kirsimeti, wata Asabar da la'asar, muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Makon nan zazzaɓi ya kwantar da ni, ban leƙa aiki ba, ban san abin da ake ciki ba. Mama ta leƙa ta labule ta ga Gideon, ta yi maza ta canza kallabi, ta ƙwala min kira in zo in zauna. Na ja jikina na je, don ko a kan gadon asibiti nake ba zan bari wannan ya wuce ni ba.

Ya shigo da burodi a leda, ya rusuna ya gaishe ta. Ta ba shi ruwa, ta tambayi Debby da jariri, ta bar shi ya yi ta kame-kame har ya zo kan magana.

"Mama, an kawo sabon samfur. Na zo in ji ko za ki zo mako mai zuwa ki nuna wa hannun yadda zai yi."

Ta gyara zama, ta miƙe bayanta. Rabon da in ga idonta da haske haka tun kafin bikin nan.

"Ba zan zo ba," ta ce, a hankali, kalma bayan kalma. "Sau ɗaya na ba ku hannuna, na ga abin da kuka yi da shi. Ka je ka gaya wa manajanka, matar da kuka hutar tana nan tana hutawa. Ku nemi wani ya koya masa, idan akwai."

Kaɗan ya rage in rangaɗa guɗa. Na juya in ga yadda fuskarsa za ta faɗi, sai na ga ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"To ba damuwa, Mama, kada ki sa wa ranki komai," in ji shi, da murmushinsa. "Dama Ernest ya riga ya turo gyaran ta intanet daga Legas, ya ɗora a kan wanda kika koya masa. Tun tsakiyar mako yake aiki lafiya lau. Ni ne na roƙi manaja a bar ki ki zo ki ɗan riƙe shi, a ɗauki hoto, ki samu na cefanen Kirsimeti. Don kada ki ce na manta da ke."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai ma san abin da ya yi ba.

Mama ta ce to. Ta ce ya kyauta. Ta tashi ta raka shi har bakin titi, don a garinsu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, ta tsaya har babur ɗin ya sha kwana. Da ta dawo ta tsaya a tsakar gida ta daɗe, kamar ta manta wace ƙofa ce tata. Na buɗe baki in zage shi, in zagi manajan da Ernest da Legas ɗin gaba ɗaya, sai ta ɗaga min hannu.

"Irene, ara min wayarki, tawa ba kati. Zan kira ta Jos in ce ta share min ɗakin nan."

Na miƙa mata. Ta danna lambar, ta sa a kunne, kafin a ɗauka ta yi gyaran murya don kada 'yar ta ji komai.